Denis Burkitt: Likitan da ya bi sawun sankarar yara a Afirka

An haifi Denis Burkitt ranar 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen da ke arewacin tsibirin Ailan. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama, amma hakan bai hana shi karatun likita a Dublin ba, har ya ƙware a tiyata. A 1946 ya kama aiki a Yuganda.

A 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala, aka kawo masa yaro da muƙamuƙi a kumbure. Ba da jimawa ba ya ga wani mai irin wannan kumburi. Ya tono tsofaffin bayanan asibiti, ya gane cuta ɗaya ce, ya wallafa bincikensa a 1958. Daga baya aka tabbatar cewa dangin sankarar jini ce, mai saurin girma ƙwarai, aka sa mata sunansa.

A 1961, shi da abokan aikinsa biyu suka yi tafiyar kusan mil 10,000 a mota, asibiti zuwa asibiti. Suka tarar cutar ta fi yawa a wurare masu zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida.

Da yake wuƙar tiyata ba ta iya mata ba, sai ya gwada magungunan methotrexate da cyclophosphamide a kan yaran da aka fid da rai da su. A jikin wasu, kumburin ya sace cikin 'yan makonni, bai kuma dawo ba. A Ibadan, Victor Ngu ya yi irin wannan gwaji, kuma dukansu suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972. Masu wannan cuta da ta gagari magani na cikin waɗanda likitocin Amurka suka fara gwada wa magani mai ƙarfin gaske a shekarun 1970, sannan su dasa musu ɓargonsu da aka adana tun farko.

Burkitt ya rasu ranar 23 ga Maris, 1993, a Ingila. Cutar kuwa tana nan. A Hunkuyi, ko Makarfi, ko Ikara, kumburin muƙamuƙin yaro da ke ƙaruwa kullum ba lallai hangum ko ciwon haƙori ba ne. Asibitin koyarwa na Shika yana kusa, kuma warkewa ta dogara ga zuwa da wuri.