Wilhelm Rontgen: Ɗalibin da aka kora daga makaranta ya nuna wa duniya ƙashin mai rai

Kafin ƙarshen shekarar 1895, likita ba ya iya ganin ƙashin mai rai sai in ya tsaga fata. Karaya da lalube ake gano ta, harsashin da ya maƙale a jiki kuwa sai a yi ta neman sa da ƙarfe ko da yatsa. Mutumin da ya sauya wannan ba likita ba ne. Malamin kimiyyar Fiziks ne ɗan Jamus, mai ƙarancin magana, wanda ko takardar kammala sakandare ba shi da ita.

An haifi Wilhelm Conrad Rontgen ranar 27 ga Maris, 1845 a garin Lennep na Jamus. Mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne, shi kaɗai kuma iyayensa suka haifa. Yana ɗan shekara uku suka koma Apeldoorn a ƙasar Holan, inda mahaifiyarsa ke da dangi.

A makarantar koyon fasaha ta Utrecht aka kore shi. Labarin da masu tarihinsa ke bayarwa shi ne, wani ɗalibi ya yi zanen barkwanci na wani malami, aka ɗora wa Rontgen laifin, shi kuma ya ƙi faɗin sunan mai zanen. Rashin takardar ya daɗe yana bin sa. A 1865 ya samu shiga kwalejin fasaha ta Zurich a Suwizalan, wadda ba ta dage kan takardar ba, ya karanta injiniyanci, ya kuma yi digirin digirgir a 1869. Duk da haka Jami'ar Wurzburg ta hana shi matakin zama cikakken malami saboda wannan takarda. Sai ya yi ta zagaye, daga Strasbourg zuwa Hohenheim zuwa Giessen. A 1888 jami'ar da ta ƙi shi ta kira shi a matsayin farfesa, a 1894 ya zama shugabanta.

A Zurich ya haɗu da Anna Bertha Ludwig, 'yar mai gidan abinci, suka yi aure a 1872. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka ɗauki 'yar ɗan'uwan Bertha suka riƙe.

Makonni bakwai a ɗakin gwaji

Da yammacin Juma'a, 8 ga Nuwamba, 1895, yana gwaji da wani bututun gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa, ana tura masa wutar lantarki mai ƙarfi. Ya lulluɓe bututun da baƙin kwali, ya duhunta ɗakin. Sai ya hangi wata takarda da aka shafa wa sinadari tana ƙyalli a can gefe. Bututun a rufe yake, to me ya ratsa kwalin?

Bai gaya wa kowa ba. Wajen mako bakwai a ɗakin gwajin yake ci, a nan yake kwana. Ya riƙa saka abubuwa tsakanin bututun da takardar: littafi mai kauri, katako, roba, ƙarafa iri-iri. Hasken ya ratsa littafi da katako cikin sauƙi, dalma kuwa ta tare shi. Da ya sa hannunsa, sai ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa. Da yake bai san ko wane irin haske ba ne, ya ba shi harafin X, wanda masu lissafi ke bai wa abin da ba a sani ba.

Ranar 22 ga Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa. Ƙasusuwa sun fito sarai, zobenta kamar yana shawagi a kan yatsa. Ya miƙa rahotonsa ranar 28 ga wata, ranar 5 ga Janairu, 1896 wata jaridar Vienna ta buga labarin, daga nan ya bazu.

Akwai wani abu a rahoton da ba a cika ambata ba, a ganina kuma shi ne ya fi daɗewa yana amfani. Rontgen ya lura cewa yawan hasken da abu ke tarewa ya danganta sosai da yadda abin yake a cushe. Ƙashi ya fi tsoka tare hasken, shi ya sa yake fitowa a hoto.

A kan wannan aka gina gwajin ƙarfin ƙashi na yau. A 1963 John Cameron da James Sorenson na Jami'ar Wisconsin a Amurka suka nuna yadda za a auna ma'adinin ƙashin hannu ta hanyar lissafa hasken da ya tare. A 1987 aka fara sayar da na'urar DXA, wadda ke aika hasken X mai ƙarfi iri biyu domin ta ware na tsoka daga na ƙashi. Jami'in da ke sarrafa ta yakan kwantar da mutum, ya daidaita ƙugu da ƙasan gadon baya, ya gama cikin 'yan mintuna. Daidaitawar ita ce zuciyar aikin, domin ɗan karkacen ƙafa na iya sauya sakamako. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1994, makin da ya kai -2.5 ko ƙasa da haka na nuna zaizayewar ƙashi, cutar da ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, wadda sau da yawa ba a sanin ta sai ƙugu ya karye.

Ya ƙi mallakar abin da ya gano

Suna ya zo wa Rontgen ba tare da ya nema ba. Cikin Janairun 1896 Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya gayyace shi fada. Ranar 23 ga watan ya yi lacca a Wurzburg, ya ɗauki hoton hannun dattijon masanin sassan jiki Albert von Kolliker, wanda ya ba da shawarar a sa wa hasken sunan Rontgen. Har yau da wannan suna Jamusawa ke kiran sa.

Kamfanoni sun neme shi, ya ƙi yin rajistar mallakar fasahar. Saboda haka duk mai bututu da lantarki ya iya haɗa na'urarsa, cikin shekara guda asibitocin Turai da Amurka suka fara amfani da ita. An ba shi sarautar da za ta ƙara wa sunansa darajar 'yan gidan mulki, ya ƙi ɗaukar laƙabin. A 1901 ya zama na farko da ya karɓi kyautar Nobel a Fiziks. Bai yi laccar karɓar kyautar ba, kuɗin kuma ya bar wa Jami'ar Wurzburg. Rahoto uku kacal ya rubuta kan hasken, na ƙarshe a 1897, sannan ya koma binciken duwatsun kiristal da ya saba.

Saurin yaɗuwar ya zo da asarar rayuka, kuma masu sarrafa na'urar ne suka fi shan wuya. Mutanen farko da hannunsu suke gwada ko bututun ya yi daidai. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya rasa hannayensa biyu kafin kansa ta kashe shi a 1904. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a asibitin St Georg na Hamburg ɗauke da sunayen likitoci da ma'aikatan jinya da masu ɗaukar hoto sama da 150 da hasken ya halaka. Rigar dalma da 'yar na'urar auna haske da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji a yau sun samo asali daga irin wannan asara. Shi Rontgen yawancin gwajinsa daga cikin wani akwatin ƙarfe mai kariyar dalma ya yi shi, bai samu irin wannan ƙuna ba.

A 1900 ya koma Jami'ar Munich. Bertha ta rasu a 1919 bayan doguwar jinya, ya yi ritaya a shekarar da ta biyo baya. Hauhawar farashin da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta cinye abin da ya tara. Ya rasu a Munich ranar 10 ga Fabrairu, 1923 sakamakon kansar hanji, yana da shekara 77, aka binne shi a Giessen kusa da matarsa da iyayensa. Bisa wasiyyarsa, an ƙona mafi yawan wasiƙunsa da takardun bincikensa.