Samanja Chari Maigumeri: Sojan Da Ya Yi Wa Dauloli Biyu Yaƙi

Duk wanda ya taɓa neman labarin kakansa da ya yi soja a zamanin Turawa ya san wahalar da ke ciki. Yawancin magabatanmu ba su bar komai ba sai tsohuwar lambar yabo a gindin adaka. Chari Maigumeri yana cikin 'yan kaɗan da takardu suka riƙe tarihinsu.

Mutumin ƙasar Barno ne. Yana matashi ya shiga sojan Jamusawa, waɗanda ke mulkin Kamaru a lokacin. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai ya sami kansa yana yaƙar sojojin Nijeriya da ke ƙarƙashin Ingila, har marubuta tarihin soja suka ce Jamusawa sun ba shi lambar jarumtaka. Garin Garwa ya faɗa hannun Ingila da Faransa a watan Yuni na 1915, shi kuwa Chari ya zama fursunan yaƙi.

A 1917 ya sa kakin waɗanda suka kama shi, wato rundunar Afirka ta Yamma da iyayenmu ke kira Waf, wadda tsohon titin Waf na Kaduna ya ci sunanta. Aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na dā. Kada mai karatu ya yi saurin kiran wannan cin amana. Talakan wancan zamani ba shi da gado a rigimar Jamus da Ingila. Soja sana'a ce ta ci da iyali, harshen bariki kuma Hausa ne, ko kai Babarbare ne ko Bazabarme.

Kafin yaƙi na biyu ya riga ya zama Samanjan bataliya, muƙamin da kusan shi ne ƙololuwar abin da baƙar fata ke kaiwa a soja a wancan lokaci. Yana cikin mayaƙan Nijeriya da suka kori Italiyawa daga Somaliya da Habasha a 1941, inda ya sami lambar MM. Daga nan sai dazuzzukan Bama, wurin yaƙi da Japan, aka kuma ba shi lambar BEM. Ya ajiye aiki a 1953, bayan shekara 36 a rundunar, da muƙamin Kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

Abin da ya taimaki tarihinsa shi ne lambobin yabon nan, domin jaridar gwamnatin Ingila, London Gazette, takan buga sunayen waɗanda aka ba wa. Sauran sojoji kuwa sau da yawa magatakarda ya rubuta su ne da sunan garinsu, a sami Musa Kano ko Garba Katsina birjik a bataliya ɗaya, rubutun sunan ma yadda kunnen Bature ya ji. Saboda haka mai neman kakansa ya fara da lambar aikinsa ta soja, wadda akan zana a gefen wasu lambobin yabo ko a takardar sallama. Da ita zai tunkari gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko na Ingila da ke Kew. In kuwa kakan a fagen fama ya rasu, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila tana da jerin sunaye a intanet.

Allah Ya jiƙan Samanja Chari da sauran mazan jiya.