Rayuwa da Ayyukan Buddy Holly (1936–1959): Fafutukar Mawaƙi ta Mallakar Waƙarsa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Buddy Holly, mawaƙi kuma makaɗin jita ɗan ƙasar Amurka, wanda ya rasu yana da shekara 22. An waiwayi tasowarsa, da shigarsa sana'ar waƙa, da salonsa, da dangantakarsa da kamfanonin faifai. Maƙalar ta gano cewa Holly ya yi nasarar ƙwace ikon sarrafa sautin waƙoƙinsa, amma ya rasu bai kai ga mallakar haƙƙinsu da kuɗin da suke samarwa ba. Saboda haka, rayuwarsa misali ce mai amfani ga duk mai nazarin matsayin mawaƙi a tsakanin fasaharsa da kasuwa.

Fitilun Kalmomi: Buddy Holly, rok-an-rol, haƙƙin mallaka, kamfanin faifai

1.0 Gabatarwa

A tsakiyar shekarun 1950, harkar waƙoƙin zamani a Amurka tana tafiya ne bisa rabon aiki. Wani ne zai tsara waƙa, kamfani ya zaɓi mai rerawa, sannan a ɗauko makaɗan haya su buga. Mai rerawa ba shi da ta cewa a kan yadda faifai zai fita. Buddy Holly yana cikin matasan farko da suka haɗa waɗannan ayyuka a hannu ɗaya: shi ne mai tsara yawancin waƙoƙinsa, shi ne jagoran rerawa, shi ne babban makaɗin jita, kuma da shi ake yanke shawarar yadda za a naɗi sauti. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda ya kai ga wannan matsayi cikin ƙasa da shekara uku, da kuma abin da hakan ya jawo masa.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Charles Hardin Holley ranar 7 ga Satumba, 1936, a garin Lubbock na jihar Texas. Shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu na Lawrence Holley da matarsa Ella. Tun yana ƙarami 'yan gida suke kiran sa Buddy, kuma laƙabin ya bi shi har ya danne sunan yanka. Gidansu na mabiya cocin Baftis ne, don haka ya tashi yana jin waƙoƙin coci, da kuma kiɗan kantiri, wato kiɗan karkara na fararen fatan kudancin Amurka. A wancan lokaci dokokin wariyar launin fata suna aiki a Texas, amma rediyo ba ta san iyaka ba. Ta hanyarta ne, musamman da dare, ya riƙa sauraron kiɗan bulus na baƙaƙen fata.

A makaranta ya haɗu da Bob Montgomery, suka riƙa waƙa tare da sunan Buddy and Bob, har suka sami fili a tashar rediyon KDAV da ke Lubbock. Shekarar 1955 ita ce ta juya akalarsa. A cikinta Elvis Presley ya zo garin, Holly ya kalle shi, ya kuma yi masa sharar fage a dandali. Daga nan ya karkata daga kantiri zuwa rok-an-rol. A watan Oktoba na shekarar ya yi wa Bill Haley sharar fage, inda wani dillalin mawaƙa mai suna Eddie Crandall ya lura da shi, ya buɗe masa ƙofar birnin Nashville.

3.0 Zaman Nashville

A farkon 1956 Holly ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Decca. A takardar yarjejeniyar ne aka yi kuskuren rubuta sunansa ba tare da harafin “e” ba, shi kuma ya rungumi kuskuren ya zama sunan sana'arsa. An naɗi waƙoƙinsa a Nashville ƙarƙashin kulawar Owen Bradley, bisa tsarin da birnin ya saba da shi, wato kamfani ne mai zaɓen makaɗa da salon kiɗa. Faifansa na farko, Blue Days, Black Nights, ya fito a watan Afrilu, amma bai yi kasuwa ba. Na biyun ma haka. A watan Janairun 1957 kamfanin ya sanar da shi cewa ba zai sabunta yarjejeniyar ba, kuma akwai sharaɗin da ya hana shi sake naɗar waƙoƙin da ya yi musu har tsawon shekara biyar. Darasin da ya ɗauka daga wannan faɗuwa shi ne, fasaharsa ba za ta fito ba sai idan shi da abokan kiɗansa ne suke riƙe da linzami.

4.0 Clovis da Hawan Tauraro

Holly ya nufi garin Clovis na jihar New Mexico, kimanin kilomita 160 daga Lubbock, inda Norman Petty yake da ɗakin naɗar sauti mai zaman kansa. Petty ba ya takura wa mawaƙa da ƙidayar awoyi kamar yadda ake yi a manyan birane, don haka matasan sukan kwana suna gwaji. A nan ne, ranar 25 ga Fabrairu, 1957, aka sake naɗar That'll Be the Day, waƙar da Holly da makaɗin ganga Jerry Allison suka tsara, wadda kuma tana cikin waɗanda ya riga ya yi wa Decca. Domin kauce wa sharaɗin kamfanin, sai aka fitar da ita da sunan ƙungiya, wato The Crickets. Abin ban sha'awa shi ne, kamfanin Brunswick da ya karɓi faifan reshe ne na Decca ɗin kansa. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan da aka fi saya a Amurka a watan Satumba, daga baya kuma ta yi hakan a Birtaniya.

Ƙungiyar ta ƙunshi Holly, da Allison, da Joe B. Mauldin mai kaɗa bes, da Niki Sullivan mai jita ta biyu. Aka tsara cewa waƙoƙin ƙungiya su riƙa fita a Brunswick, waɗanda ke ɗauke da sunan Holly shi kaɗai kuma a Coral, wani reshen na Decca. Ta wannan hanya Peggy Sue ta fito da sunansa, ta kai matsayi na uku. A watan Agustan 1957 suka yi wasa a zauren Apollo da ke unguwar Harlem ta birnin Niyok, gaban 'yan kallo baƙaƙen fata. Ranar 1 ga Disamba suka bayyana a shirin talbijin na Ed Sullivan. A farkon 1958 suka je Ostireliya, sannan a watan Maris suka zagaya Birtaniya, inda suka yi wasa 50 cikin kwana 25.

5.0 Salon Waƙoƙinsa

Waƙoƙin Holly gajeru ne, da wuya su kai minti uku, kuma jigonsu bai cika wuce soyayyar ƙuruciya ba. Kalmominsu masu sauƙi ne, gindin waƙa yana saurin kama kunne. Ƙwarewarsa ta fi bayyana a sarrafa murya da sauti. Yakan kakkarya gaɓar kalma tamkar mai shaƙuwa, ya sauko da murya ƙasa, sannan ya ɗaga ta farat ɗaya. Jitarsa ƙirar Fender Stratocaster ce, wadda a lokacin sabuwa ce a kasuwa.

A ɗakin naɗi kuwa, gwaji ne ya zama ɗabi'arsu. A waƙar Words of Love an ɗora muryarsa a kan muryarsa, ya zama shi ne jagora shi ne ɗan amshi. A waƙar Everyday, maimakon ganga, Allison tafa gwiwoyinsa ya yi, matar Petty kuma ta kaɗa wani ƙaramin fiyano mai amon ƙararrawa. A Not Fade Away kwalin takarda ne ya maye gurbin ganga. Ya kamata a lura cewa ba duk waƙoƙin da ya shahara da su ne ya tsara ba. Oh, Boy! da Rave On, alal misali, aikin Sonny West da Bill Tilghman ne. Haka nan siffarsa ta yi tasiri: siririn saurayi mai tabarau, wanda ya sa matasa da yawa suka ga cewa hawa dandali bai dogara da kyan hoto ba.

6.0 Rikicin Mallaka

'Yancin da Holly ya samu a Clovis bai zo kyauta ba. Petty shi ne mai ɗakin naɗi, shi ne manajan ƙungiya, kuma kamfaninsa na Nor-Va-Jak shi ne mai riƙe da haƙƙin wallafa waƙoƙin. Kuɗin da ake samu ma ta hannunsa suke bi. Sunansa ya shiga cikin jerin masu tsara waƙoƙi da dama, ciki har da That'll Be the Day, wadda an tsara ta an kuma naɗe ta tun kafin Holly ya fara aiki da shi. A farkon fitowar Peggy Sue kuwa, sunayen Allison da Petty ne kawai a jikin faifan. Masu kare Petty suna kafa hujja da lokaci da kayan aiki da basirar naɗi da ya zuba, da kuma cewa irin wannan rabon suna ya zama ruwan dare a harkar a wancan zamani. Duk da haka, sakamakon a bayyane yake: duk sunan da ya shiga jikin faifai yana da kaso a kuɗinsa muddin ana sayen sa.

Ranar 15 ga Agusta, 1958, Holly ya auri María Elena Santiago, 'yar asalin Puerto Rico, wadda take aiki a kamfanin wallafa waƙoƙi na Peer-Southern. Suka tare a unguwar Greenwich Village ta Niyok. Kafin ƙarshen shekarar ya raba gari da Petty, abokan ƙungiyarsa kuma suka zaɓi su zauna a Clovis. Ayyukansa na waɗannan watanni sun nuna inda ya dosa. Ya ɗauki nauyin naɗar faifan farko na Waylon Jennings, ya fara shirin kafa kamfaninsa mai suna Prism, kuma a watan Oktoba ya naɗi waƙoƙi huɗu tare da makaɗan gogen Turawa, ciki har da True Love Ways. A ɗakinsa ma ya naɗi sababbin waƙoƙi da jita kaɗai. Sai dai kuɗinsa sun maƙale, kuma marubuta tarihinsa da dama sun danganta amincewarsa da rangadin hunturu da wannan ƙunci.

7.0 Rasuwarsa

Rangadin Winter Dance Party ya fara a Milwaukee ranar 23 ga Janairu, 1959, da nufin zagaya garuruwa 24 a tsakiyar hunturu. Sababbin makaɗansa su ne Jennings, da Tommy Allsup, da Carl Bunch. Motar safa da suke tafiya a ciki ta yi ta lalacewa, na'urar ɗumama ta ta daina aiki, har aka kwantar da Bunch a asibiti saboda sanyi ya yi wa ƙafafunsa lahani. Bayan wasan ranar 2 ga Fabrairu a zauren Surf na garin Clear Lake, jihar Iowa, Holly ya yi hayar ƙaramin jirgin sama domin ya riga motar isa. Jirgin ya tashi daga Mason City da misalin ƙarfe ɗaya na daren 3 ga Fabrairu, ya faɗi a wata gona jim kaɗan bayan tashinsa. Holly, da Ritchie Valens, da J. P. Richardson, da matuƙin, Roger Peterson, duk suka rasu. Binciken hukuma ya ɗora alhakin haɗarin a kan rashin cancantar matuƙin na tuƙi da na'ura kaɗai cikin duhu da mummunan yanayi, da kuma ƙarancin bayanin yanayin da aka ba shi. An binne Holly a Lubbock, kuma a kan kabarinsa an mayar masa da asalin sunan gidansu, Holley.

8.0 Kammalawa

Tasirin Holly ya fi fitowa fili a Birtaniya, inda It Doesn't Matter Anymore ta hau matsayi na ɗaya bayan rasuwarsa. A 1958 John Lennon da Paul McCartney da George Harrison suka naɗi That'll Be the Day tun kafin su zama The Beatles, a 1964 kuma suka rera Words of Love. A wannan shekara The Rolling Stones suka fitar da Not Fade Away. Bob Dylan, wanda ya kalle shi a Duluth kwanaki kaɗan kafin haɗarin, ya ambace shi a laccarsa ta lambar Nobel. A 1986 aka sanya shi cikin rukunin farko na mawaƙan da cibiyar karrama makaɗan rok-an-rol ta karrama.

Wannan maƙala ta nuna cewa 'yancin mawaƙi hawa-hawa ne. Holly ya sami ikon sautinsa a Clovis, ya kuma rasu yana kan neman ikon haƙƙinsa. A 1976 haƙƙin wallafa waƙoƙinsa ya koma hannun kamfanin McCartney, ɗaya daga cikin matasan da suka koyi sana'ar ta hanyar sauraron faya-fayansa.