Sarkin Musulmi Attahiru, Shahidin Burmi

'Yan'uwa Musulmi, duk wanda ya wuce ta gaban ginin Lugard Hall a nan Kaduna, ya kamata ya tuna da wanda ya ƙi miƙa wuya ga Gwamna Lugga, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu.

An naɗa shi a 1902. Ran 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Waziri Buhari ya zauna, ya yi sulhu domin kare jama'a. Shi kuwa Attahiru ya ga zama ƙarƙashin Nasara bai halatta ba, sai ya yi hijira gabas, talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi. A Burmi ya yi shahada ran 27 ga Yuli. Ɗansa Mai Wurno ya kai sauran mabiyansa Sudan.

Daga wannan rauni ƙyamar boko ta yi saiwa, har wasu suka ɗauki kowane Bature maƙiyi. Amma ƙin zalunci daban, ƙin ilmi daban, kuma adalci wajibi ne ko ga abokin gaba. Allah ya ji ƙansa, amin.