Malamin Katsina da ya tsara lissafi daki-daki tun kafin a san kwamfuta

In kana Bici ko wani ƙauye na kusa da ita, ranar da aka ɗauke wuta da daddare, ka ajiye wayar nan na minti biyar ka ɗaga kai sama. A lokacin sanyi za ka ga Kaza da 'Ya'yanta a dunƙule, ka ga wasu taurari suna ƙyalli sosai, wasu kuma sai ka ƙura ido kafin ka hango su. Auna wannan bambancin haske sana'a ce mai zaman kanta a yau. Masu ita suna ɗaukar hoton sama da madubin hangen nesa, sannan su rubuta wa kwamfuta umarni ɗaya bayan ɗaya: a cire dattin da kyamara ta ƙara wa hoton, a rage hasken sararin da ke kewaye da tauraro, a gwada shi da wani tauraron da aka riga aka san ƙarfin haskensa. In umarni guda ya karkace, sakamakon dubban taurari ya lalace. Shi ya sa kullum suna cikin gyaran waɗannan umarnai, domin su fito fili, duk wanda ya bi su ya samu amsa iri ɗaya.

To, kusan shekara 300 da suka wuce akwai wani ɗan ƙasar nan da ya yi irin wannan aiki na tsara ƙa'ida, da alƙalami da tawada kawai. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi. Kashna ita ce Katsina a bakin Larabawa, wato Bakatsine ke nan. Ana kuma danganta shi da garin Ɗan Ranko a ƙasar Katsina. Na tabbata da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa a aji ba.

A nan ƙasashenmu ya yi karatunsa, tun kafin ya taka Masar. Cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagirmi, wadda ke cikin Chadi a yau, da Shehu Muhammadu Bindu. A wurin Bindu ya samu ilimin lissafi, da ilimin hatimi, da ilimin sanin lokuta. Wannan na ƙarshe kar ka raina shi. A zamanin da babu agogon hannu balle manhajar waya, da inuwar rana da fitowar taurari ake gane lokacin salla da shigowar damina. Malamin da ya iya wannan lissafi, gari guda ne ke dogara da shi.

Ka lura fa, ya rasu shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Ma'ana, tun kafin jihadi akwai zaurukan karatu a Katsina da Barno da Bagirmi da ke iya yaye ɗalibin da malaman Alƙahira za su girmama.

Wajen shekarar 1730 ya yi aikin hajji, ya zauna a Makka na ɗan lokaci, daga nan ya wuce Alƙahira. A waɗannan shekaru ne ya rubuta littattafan da suka sa ake tunawa da shi. Ɗaya shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta wajen 1732 a kan haruffa da hatimi. Ɗayan shi ne Durrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi da ake dangantawa da Fakhruddin ar-Razi. Ya faro shi a Makka, ya kammala a Alƙahira. Ya kuma yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi.

Kila ka ce, hatimi kuma? Ba shi ne na malaman tsibbu ba? Shi ne, amma tsaya ka ga abin da ke cikinsa. Zana gida tara, uku a tsaye uku a kwance. Aikinka shi ne ka zuba lambobi daga 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Da lalube za ka iya dacewa. Amma gwada lalube a gida 25, inda kowane layi zai ba da 65, ko gida 49, inda zai ba da 175. Sai gari ya waye ba ka gama ba.

Abin da al-Kashnawi ya yi shi ne bayyana hanyoyin gina hatimi mai layuka mara, wato 3, 5, 7 da sauransu, ta yadda ɗalibi zai bi mataki-mataki ya isa ba tare da canki-canka ba. Cikakken sunan littafin ma yana ɗauke da alƙawarin warware ruɗani da buɗe abin da ya rufe. Domin ka ɗanɗana irin wannan aiki, ga wata sananniyar hanya da ake koyarwa a duniya. Sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba, ka hau sama gida ɗaya ka matsa dama gida ɗaya. In ka fice ta sama, ka shigo ta ƙasa. In ka fice ta dama, ka shigo ta hagu. In ka tarar da lamba a gidan, ka sauko ƙarƙashin wadda ka rubuta yanzu. A gida tara za ka samu 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Umarni huɗu ko biyar kacal, kuma suna aiki ko da gidajen sun kai ɗaruruwa. Wannan shi ne ainihin abin da mai rubuta manhaja da Python yake nema: ƙa'ida gajera, bayyananna, wadda ba ta karyewa in aiki ya yi yawa.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk abin da ya rubuta ne za a kira kimiyya a yau ba. Ya yi imani da tasirin haruffa da taurari, kuma malamai da dama, a da da yanzu, sun soki wannan fanni. Matsalarmu ita ce mun rabu biyu: masu haɗiye komai saboda malami ne ya rubuta, da masu watsar da komai saboda sun ji kalmar hatimi. A tsakani lissafin ya salwanta, alhali 15 ɗin nan 15 ce a Bici, 15 ce a Landan.

A Alƙahira ya shaƙu da Shehu Hasan al-Jabarti, babban malami masanin lissafi da falaki. A gidansa ya rasu a 1741, daidai da 1154 bayan hijira, kuma shi ya bar wa amanar littattafansa. Ɗan maigidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar, ya zama shahararren marubucin tarihin Masar, ya kuma sa tarihin wannan Bakatsine a littafinsa. Ta wannan hanya akasarin abin da aka sani game da rayuwarsa ya iso gare mu. Wani kwafi na rubutunsa a kan hatimi yana ajiye a ɗakin karatu na SOAS a Landan, kuma wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta yi bayaninsa a littafinta na 1973 a kan lissafin Afirka.

Ka ga inda abin ke ciwo ko? Bamisire ya rubuta tarihinsa, Ingila ta adana takardunsa, Ba'amurkiya ta gabatar da shi ga duniya. Mu kuwa, da ba mu da nisa da Katsina, har yanzu wasunmu na cewa lissafi ba namu ba ne.

'Yar'uwa, ɗan'uwa, ga aikin gida. Yau da daddare ka samu takarda da biro, ka zana gida 25, ka bi umarnin nan na sama. In kowane layi ya ba ka 65, ka koya wa ƙaninka ko ƙanwarka, ka kuma gaya musu sunan malamin. In bai ba ka ba, ka koma baya ka nemo matakin da ka kuskure, ka gyara. Masu auna hasken taurari ma haka suke yi. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu al-Kashnawi.