Taƙaitaccen Tarihin Babban Gwani Muhammadu Durugu

Gabatarwa

A duk lokacin da aka zo maganar gine-ginen gargajiya a ƙasar Hausa, sunan da ake fara ambata shi ne na Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, aka kuma fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan rayuwarsa da ayyukansa, da kuma darasin da hanyar koyon sana'a ta zamaninsa ta bar wa jami'o'inmu.

Zamaninsa

Babban Gwani mutumin Zazzau ne, ya kuma yi zamani a ƙarni na 19, wato bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, lokacin da sababbin sarakuna ke bukatar masallatai da fadoji. A shekarar 1824, Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, ya ziyarci Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A can ya tarar da wani magini Bazazzagi yana jagorantar ginin masallacin da Waziri Giɗaɗo ya sa a yi. Maginin ya shaida masa cewa mahaifinsa ya je Masar, ya kuma bar masa takardunsa na fasahar gini. Wasu masana na ganin cewa wannan magini shi ne Babban Gwani.

Ayyukansa

Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya tsayar da manyan ginshiƙai, ya ɗora musu bakan gizo, sannan ya yi musu ado da zane. Hikimar bakan gizo ita ce, azara ɗaya ba ta iya ratsa ɗaki mai faɗi ba tare da ta lanƙwashe ba. Saboda haka sai magini ya riƙa jera azara hawa-hawa daga bangaye biyu, kowane hawa ya ɗara na ƙasansa tsawo, ana ɗaure su ana yaɓe su da ƙasa, har su haɗu a tsakiya. Haka nan ana danganta masa wani tsohon gini a Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi, wanda ake kira da sunansa.

Yadda Ake Koyon Sana'ar

Aiki irin wannan ba na mutum ɗaya ba ne. Dole shugaban magina ya san yawan tubalin da za a buga, da inda za a saro giginyar da za a tsaga azara, da yadda zai raba aiki tsakanin masu kwaɓa ƙasa da masu miƙa tubali da masu yaɓe. Dole ne kuma ya lura da lokaci, domin da rani ake gini, kuma sai hawa ɗaya ya bushe kafin a ɗora wani. Idan ya yi kuskuren lissafi, damina za ta riske shi. Wannan shi ne abin da a yau ake kira ilimin tafiyar da aikin gini.

A wancan zamani yaro kan koyi wannan duka ne a wurin aikin. Yakan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa, ya kai ga jera tubali, sannan a koya masa haɗa makuba da laso domin kare bango da rufi daga ruwan sama. Ba a sakar masa ɗaurin bakan gizo sai ubangidansa ya gamsu da hannunsa. Ashe ke nan ginin da ya tsaya shi ne takardar shaidarsa.

Rasuwarsa

Labarin baka ya nuna cewa bayan ya gama wani ƙasaitaccen gini a Birnin Gwari, sai sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Zuriyarsa sun ci gaba da sana'ar a Zariya, inda har akwai unguwa mai ɗauke da sunansa. A shekarun 1970 an yi sabon gini na siminti da ya lulluɓe abin da ya rage na masallacin, an kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Kammalawa

Tun 1973 aka ƙirƙiro shirin SIWES a Nijeriya domin ɗalibai su je su ga aiki da idonsu, amma 'yan watanni ba su isa su mayar da ɗalibi magini ba. Masu gyaran manhajar koyar da aikin gini, ko a Zariya ko a Jalingo, za su amfana idan suka duba hanyar Babban Gwani. A ba ɗalibai aiki na gaske tun daga ajin farko, ko da ginin aji ɗaya ne a wata makarantar firamare a Sunkani, su yi lissafin kuɗi da kaya, su raba aiki, su tsaya a kai har a kammala, malami yana duba su. Gani ya kori ji. Mu kuma ɗaliban Hausa, haƙƙinmu ne mu je wurin tsofaffin magina mu rubuta kalmomin wannan sana'a tun suna raye. Allah ya jiƙan Babban Gwani, amin.