Abdelaziz Ben Tifour: Ɗan wasan da ya bar Monaco a asirce, ya ci wa USM Alger kofinta na farko

A ranar 19 ga watan Nuwamban 1970 wani haɗarin mota a Aljeriya ya yi sanadin rasuwar Abdelaziz Ben Tifour, mai horar da ƙungiyar JS Kabylie, yana da shekara 43. Ya rasu ne yana tsaka da aikin da ya zaɓa wa kansa bayan ya bar albashi da suna a Faransa, wato gina ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a ƙasar da ba ta daɗe da samun ’yancin kai ba.

An haife shi ranar 25 ga watan Yulin 1927 a Hussein Dey, wata unguwa ta gabashin Aljiyas, babban birnin Aljeriya, lokacin da ƙasar ke hannun Faransa. A maƙwabciyar ƙasa Tunusiya aka fara sanin sa, inda ya buga wa Espérance ta Tunis, sannan ƙungiyar Hammam-Lif. Daga can ne ƙungiyar Nice ta kudancin Faransa ta ɗauke shi a 1948.

Ya isa Nice a kan gaɓa. Ƙungiyar ta lashe gasar Faransa a 1951, ta sake lashewa a 1952, kuma a wannan shekara ta haɗa da Kofin Faransa bayan ta doke Bordeaux da ci 5 da 3 a wasan ƙarshe. Ben Tifour, wanda ɗan wasan gaba ne, yana cikin waɗanda suka zura ƙwallo a ranar. A 1953 ya koma Troyes, bayan shekara biyu kuma ya tafi Monaco.

Tun da Faransa na ɗaukar Aljeriya a matsayin wani yanki nata, rigar Faransa ce kaɗai ɗan Aljeriya zai iya sakawa a wasannin ƙasa da ƙasa. Ben Tifour ya saka ta sau 4. Ɗaya daga ciki shi ne a gasar cin Kofin Duniya ta 1954 a Suwizalan, a wasan da Faransa ta doke Meziko da ci 3 da 2.

Watanni kaɗan bayan wannan gasa, abubuwa suka fara sauyawa. A watan Satumban 1954 girgizar ƙasa ta afka wa garin Orléansville, wanda yanzu ake kira Chlef, ta hallaka mutane sama da dubu. Domin tara kuɗin agaji aka shirya wasa ranar 7 ga Oktoba a filin Parc des Princes na Paris, tsakanin Faransa da zaɓaɓɓun ’yan wasan Arewacin Afirka ƙarƙashin jagorancin Larbi Ben Barek na Maroko. ’Yan Arewacin Afirka suka yi nasara da ci 3 da 2, abin da ya nuna cewa ’yan ƙasashen da ake yi wa mulkin mallaka na iya haɗa ƙungiya tasu mai ƙarfi. Ba a cika wata guda ba, ranar 1 ga Nuwamba, ƙungiyar FLN ta ƙaddamar da yaƙin ƙwatar ’yancin Aljeriya.

Bayan shekara uku ana gwabzawa, FLN ta yanke shawarar kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa da za ta ɗauki sunan Aljeriya zuwa ƙasashen waje. Mohamed Boumezrag, wani tsohon ɗan wasa, shi ne ya bi ’yan Aljeriyan da ke ƙungiyoyin Faransa ɗaya bayan ɗaya, kuma Ben Tifour na cikin na farko da suka ba shi haɗin kai. A tsakiyar watan Afrilun 1958 ’yan wasa kimanin goma suka sulale daga Faransa ba tare da sanar da kowa ba. Ben Tifour da abokan wasansa na Monaco, Mustapha Zitouni da Abderrahmane Boubekeur da Kaddour Bekhloufi, sun bi ta Italiya. Rachid Mekhloufi na Saint-Étienne da wasu sun bi ta Suwizalan. A Tunis suka haɗu. Ba kowa ne ya tsallake ba, domin an kama Hacène Chabri, shi ma ɗan wasan Monaco, a kan iyaka.

Lamarin ya girgiza Faransa, musamman da yake saura wata biyu a fara gasar Kofin Duniya a Suwidin, kuma Zitouni da Mekhloufi na cikin waɗanda ake sa ran za a tafi da su. Shi Ben Tifour yana da shekara 30 a lokacin. Shekarun da suka rage wa ɗan wasa mai wannan shekaru ba su da yawa, kuma a cikinsu ne yake tara abin da zai riƙe iyalinsa bayan ya ajiye takalmi. Su ne ya sadaukar, ba tare da sanin yaushe yaƙin zai ƙare ko wa zai yi nasara ba.

Hukumar FIFA ba ta amince da ƙungiyar ta FLN ba, ta kuma yi barazanar hukunta duk ƙasar da ta buga da ita. Duk da haka ’yan wasan sun shafe shekara huɗu suna zagaya ƙasashen Larabawa da Gabashin Turai, har zuwa Sin da Biyetnam ta Arewa, suna wasa ƙarƙashin tutar ƙasar da ba ta riga ta samu kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Wasu ’yan wasan sun riƙa biyo su daga Faransa, har adadinsu ya kai kimanin talatin.

Da Aljeriya ta samu ’yanci a watan Yulin 1962, hanyoyinsu suka rabu. Waɗanda ke da sauran ƙuruciya sun koma Turai. Mekhloufi ma ya sake lashe gasar Faransa da Saint-Étienne a 1964. Ben Tifour kuwa ya kai shekara 35, sai ya koma garinsu.

Abin da ya tarar a gida ba mai sauƙi ba ne. Ƙungiyoyin Musulmi sun janye daga gasanni tun 1956 bisa kiran FLN, wasu daga cikin ’yan wasansu sun mutu a yaƙi, ƙungiyoyin Turawa kuma sun watse da tafiyar masu su. A wannan yanayi ne USM Alger, ƙungiyar da aka kafa a 1937, ta danƙa masa aiki biyu a lokaci ɗaya: ya horar da ’yan wasa, ya kuma shiga fili tare da su. Abin da ya koyo cikin shekara goma na wasan ƙwararru a Faransa shi ne jarin da ya zo da shi.

Gasar farko ta Aljeriya mai ’yanci an fara ta ne yanki-yanki, sannan zakarun yankunan suka haɗu. A watan Yunin 1963 USM Alger ta kara da babbar abokiyar hamayyarta MC Alger a wasan ƙarshe, ta doke ta da ci 3 da nema. Ben Tifour ya zama mai horarwa na farko da ya ɗaga kofin gasar ƙasar. Sai da USM Alger ta jira shekara 33, zuwa 1996, kafin ta sake lashe gasar.

A ƙarshen shekarun 1960 yana cikin waɗanda aka ba riƙon tawagar ƙasar Aljeriya. Daga nan ya karɓi JS Kabylie ta garin Tizi Ouzou, wadda ta hau rukunin farko a 1969, tana kuma neman wanda zai kafa ta a cikin manya. Bai ga ƙarshen wannan aiki ba. A 1973, shekara uku bayan rasuwarsa, ƙungiyar ta ci gasar Aljeriya a karon farko, daga baya ta zama zakarar Afirka a 1981 da 1990. Ita ma USM Alger ta ɗauki kofin Confederation na hukumar CAF a 2023.

Tambayar da Ben Tifour ya fuskanta, ta rigar wace ƙasa ɗan Afirka da ke wasa a Turai zai saka, ba ta gushe ba. Masu kallon ƙwallo a unguwar KM5 ta Bangui sun san labarin Geoffrey Kondogbia, wanda shi ma ya buga wa Monaco, ya saka rigar Faransa sau 5 a wasannin sada zumunta, kafin ya koma wa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2018. A yau dokokin FIFA sun buɗe wannan ƙofa, kuma ɗan wasa na sauya ƙasa yana ci gaba da karɓar albashinsa a ƙungiyarsa. A 1958 sai da Ben Tifour ya bar aikinsa da gidansa, ya tsallaka iyaka a ɓoye, domin ya buga wa ƙasar da sai bayan ta samu ’yanci FIFA ta karɓe ta a matsayin mamba.

Sunansa bai kai na Mekhloufi ko Zitouni fice a wajen Aljeriya ba, ganin ya rasu da wuri. Amma duk wanda ya buɗe jerin zakarun gasar Aljeriya, a layin farko zai ga shekarar 1963 da sunan ƙungiyar da Ben Tifour ya horar.